Lambar kundi da rumbun tsimi: yadda ake adana mujallun ilimi don gobe

Mujallar ilimi ita ce wadda masana ke buga sakamakon bincikensu a cikinta, bayan wasu masanan fannin sun duba aikin sun amince da shi. Tana fitowa lokaci-lokaci, wata sau ɗaya a shekara, wata kowane mako, kuma ba a yanka mata ranar ƙarewa. Shi ya sa kowace maƙala da ke cikinta take da adireshi: sunan mujalla, shekara, lambar kundi, lambar fitowa da lambar shafi. Da wannan adireshi likita a Maraɗi ko ɗalibin tarihi a Damagaram zai iya nemo rubutun da aka buga shekara 100 da suka wuce, ya ga abin da marubucin ya faɗa da idonsa.

Tun da mujallu suka koma intanet, adireshin kaɗai ya daina wadatarwa, domin yana iya kasancewa daidai alhali gidan da yake nunawa ya rushe. Wannan ne ya sa aka kafa rumbuna na musamman masu riƙe kwafin mujallu na dogon lokaci. Su kuma rumbunan da lambobin kundi suke ƙidayar abin da ke hannunsu da abin da ya ɓace. Mujallar da ta yi sakaci da lambobinta, ajiyarta tana wuya.

Asalin lambobin

Mujallun ilimi na farko sun fito ne a shekarar 1665. A ranar 5 ga Janairu Denis de Sallo ya fara buga Journal des sçavans a birnin Paris, sannan a ranar 6 ga Maris Henry Oldenburg ya fitar da Philosophical Transactions a Landan. Dukkansu suna fitowa har yau, ko da yake ta Paris ta tsaya a 1792 lokacin juyin juya halin Faransa, ba ta dawo fitowa a kai a kai ba sai 1816.

A wancan zamani ana buga mujalla ne a ƴan takardu kaɗan, a aika wa masu saye. Idan fitowa ta taru, mai ɗakin karatu sai ya kai wa maɗinkin littattafai ya haɗe su cikin bango ɗaya mai ƙarfi. Wannan haɗin shi ne kundi, wanda wasu ke kira juzu'i ko mujalladi, a Faransanci kuma ake cewa tome ko volume. Kowane ɓangare da ya fito shi kaɗai shi ne fitowa. Da yake an san za a haɗe su, sai masu ɗab'i suka riƙa ci gaba da lambar shafi daga fitowa zuwa fitowa: idan ta farko ta ƙare a shafi na 96, ta biyu sai ta fara daga 97. Ta haka lambar kundi da lambar shafi sun isa su kai mutum kan maƙala.

Misali sananne shi ne maƙalar James Watson da Francis Crick kan sifar ƙwayar gado ta DNA. An buga ta a mujallar Nature ranar 25 ga Afrilu 1953, kundi na 171, fitowa ta 4356, shafi na 737 zuwa 738. A nan akwai ƙidaya iri biyu. Lambar kundi tana tafiya da lokaci, lambar fitowa kuwa tana gudana tun daga fitowar farko a 1869 ba tare da an koma ɗaya ba. Wasu mujallu kuma sukan koma fitowa ta 1 a farkon kowane kundi. Kowane tsari yana aiki muddin mujallar ta tsaya a kansa.

Lambobin suna da wani amfani bayan nemo maƙala. Su ne suke tona giɓi. Mai kula da ɗakin karatu da ya ga kundi na 12 da na 14 a kan kanta ya san na 13 bai iso ba ko an ɗauke shi, ko da bai taɓa ganinsa ba.

Inda lissafi ke rikicewa

Mujallar da ta daɗe ba ta rasa sauye-sauye, kuma kowane sauyi yana barin tabo a lambobinta. Mujallar Jamus Annalen der Physik, wadda ta fara a 1799, ta sha koma wa kundi na 1 idan aka buɗe sabon jeri. Maƙalar Albert Einstein ta 1905 kan dangantakar lokaci da motsi ta fito a kundi na 17 na jeri na huɗu, shafi na 891 zuwa 921. Amma idan aka ƙirga tun daga farko, kundin shi ne na 322, kuma wannan lambar ce ake gani a shafin intanet na mujallar. Maƙala ɗaya ke nan da adireshi biyu, dukkansu daidai.

Mujallar likitanci The Lancet, wadda aka kafa a 1823, ta daɗe tana raba shekara gida biyu, kundi na i da na ii. A 1990 ta koma ƙidaya mai gudana daga kundi na 335, aka kuma bi tsofaffin kundayen aka ba su lambobi. Wanda ya ga an kafa hujja da The Lancet ta 1975, kundi na ii, sai ya yi ɗan lissafi kafin ya same ta a intanet.

Wani lokaci mujalla rabuwa take yi. Philosophical Transactions ta rabu gida biyu a 1887, jerin A na lissafi da kimiyyar zahiri, jerin B na ilimin halittu. Haka ya faru a Dakar da Bulletin de l'IFAN, mujallar da ta fara a 1939 kuma ta ƙunshi bincike mai yawa kan ƙasashen Afirka ta Yamma. A 1954 ta rabu, jerin A na ilimin halittu da muhalli, jerin B na ilimin ɗan Adam. A 1966 cibiyar ta sauya sunanta daga Institut français d'Afrique noire zuwa Institut fondamental d'Afrique noire, haruffan IFAN ba su canza ba. Duk wanda ya rubuta lambar kundi bayan 1954 bai faɗi jeri ba, ya bar mai karatu tsakanin littafi biyu.

Akwai kuma mujallar da ke sauya suna ta riƙe lambobinta. Journal de la Société des Africanistes ta fara a Paris a 1931, ta koma Journal des africanistes a 1976, ƙidayar kuma ta ci gaba daga kundi na 46. Wannan ne ya fi sauƙi ga masu ajiya, domin jerin bai yanke ba.

Ƙananan mujallu suna da tasu matsalar, wadda yawanci rashin kuɗi ke jawowa. Fitowar da ke ɗauke da shekarar bara tana iya fita bana ko baɗi. Akan haɗe fitowa biyu a bango ɗaya a rubuta 3-4. Akan tsallake shekara, ko sabon kwamitin edita ya koma lamba ta 1 ba tare da ya rubuta cewa sabon jeri ne ba. Bayan shekara 20, babu mai iya tantance ko fitowar da ba a gani ba ɓacewa ta yi ko tun asali ba a buga ta ba.

Lambar ISSN

Suna kaɗai ba ya bambanta mujallu, domin masu suna Annales ko Revue sun yi yawa. Don haka aka ƙirƙiro lambar ISSN, wadda ta zama ƙa'idar duniya a 1975. Cibiyarta ta duniya tana Paris, bisa yarjejeniya tsakanin hukumar UNESCO da gwamnatin Faransa, kuma ƙasashe da dama suna da cibiyoyinsu. A Najeriya, babban ɗakin karatu na ƙasa ne ke bayar da ita.

ISSN alƙaluma takwas ce a rukuni biyu. Na ƙarshen na tantancewa ne. Ana ninka alƙaluma bakwai na farko da 8, 7, 6, 5, 4, 3 da 2 bi da bi, a tara, a raba da 11, a cire ragowar daga 11. Lambar Nature ta takarda ita ce 0028-0836: jimillar ta ba da 82, ragowar 5, sai 11 a cire 5 ya ba da 6. Idan amsar ta zama 10, sai a rubuta X. Da wannan lissafi kwamfuta take gane an yi kuskuren rubutu.

Bugun takarda da na intanet kowanne da lambarsa. Ta Nature ta intanet ita ce 1476-4687. Idan sunan mujalla ya canza sosai, sai a ba ta sabuwar lamba, a rubuta alaƙarta da tsohuwar a rajista. ISSN ba shaidar inganci ba ce, shaidar wanzuwa ce kawai, amma rumbunan ajiya da ita suke gane mujalla.

Abin da intanet ya canza

A zamanin takarda, ajiya tana faruwa ne ba tare da an shirya ta ba. Mujallar da ɗakunan karatu 300 suka saya tana da kwafi 300 a garuruwa daban-daban. Gobara, gara ko ambaliya na iya cinye wasu, da wuya su cinye duka. Ko kamfanin ɗab'in ya rushe, kundayen suna nan a kan kanta.

Daga shekarun 1990 lamarin ya juya. Ɗakin karatu yanzu yakan biya kuɗin izinin karantawa ne, maƙalun kuwa suna zaune a kwamfutocin kamfanin. Idan aka daina biya, ƙofa na iya rufewa. Idan kamfanin ko ƙungiyar da ke buga mujallar ta daina aiki, kwafin da kowa ke dogaro da shi na iya tafiya da ita.

Lambobin ma sun canza. Mujallar da ba a buga ta a takarda ba ta da buƙatar jiran fitowa ta cika, tana iya sakin kowace maƙala da zarar ta kammala. PLOS ONE, wadda ta fara a Disamba 2006, tana ba kowace maƙala lambarta mai farawa da harafin e a maimakon lambar shafi, amma ta riƙe kundi ɗaya a kowace shekara. Wasu mujallu kuma sukan saki maƙala a intanet watanni kafin a ba ta kundi da shafi, sai maƙalar ta zama tana da shekara biyu: ta fitowar farko da ta kundin.

Don magance mutuwar adireshin intanet aka samar da lambar DOI. Gidauniyar da ke kula da ita ta kafu a 1998, ƙungiyar Crossref da ke rajistar yawancin maƙalun mujallu kuma ta fara a 2000. Kowace DOI tana farawa da 10, sai lambar mai ɗab'i, sai ta maƙalar. Ta Watson da Crick ita ce 10.1038/171737a0, inda ake ganin kundi na 171 da shafi na 737 a cikinta. Idan mujalla ta koma wani shafi, mai ɗab'i ya sabunta rajista, DOI ɗin sai ta kai mutum sabon wurin. Sai dai DOI alamar hanya ce, ba ta riƙe maƙalar. Idan babu mai sabunta ta, ko fayil ɗin ya ɓace, za ta kai mutum wurin da babu komai.

Girman asarar

An auna wannan matsala sau da dama. A 2014 Martin Klein da abokan aikinsa sun duba maƙalun kimiyya fiye da miliyan 3.5 da aka buga tsakanin 1997 da 2012. Sun gano cewa ɗaya cikin biyar tana kafa hujja da shafin intanet da ya mutu ko wanda ba a adana kwafinsa na lokacin ba.

Mikael Laakso, Lisa Matthias da Najko Jahn sun bi sawun mujallun da ake karantawa kyauta. A binciken da suka buga a 2021 sun lissafa mujallu 174 da suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019 ba tare da cikakkiyar ajiya ba. Fiye da rabinsu na ilimin zamantakewa da ilimin ɗan Adam ne, kuma da yawa jami'o'i ko ƙungiyoyin masana ne ke buga su. Sun kuma nuna wasu kusan 900 da suka daina fitowa, waɗanda ke cikin haɗarin bin sahu.

A 2024 Martin Eve na jami'ar Birkbeck da ke Landan ya gwada lambobin DOI kimanin miliyan 7.4. Kashi 58 cikin 100 ne ya samu a aƙalla babban rumbu ɗaya, kusan kashi 28 kuwa bai same su a ko ɗaya ba. Binciken bai ƙirga ma'ajiyoyin da jami'o'i ke riƙewa da kansu ba, amma ya tabbatar da cewa samun DOI daban, samun ajiya daban.

Abubuwan da ke kashe fayil

Na farko shi ne lalacewar abin da aka ajiye shi a kai. Faifai da ƙwaƙwalwar kwamfuta suna tsufa, zafi, ƙura da yawan ɗaukewar wuta kuma suna gaggauta hakan. Ɓarnar na iya faruwa a ɓoye, ba a sani ba sai ranar da aka zo buɗewa.

Na biyu shi ne tsufan na'ura da manhaja. A 1986 gidan rediyon BBC ya tattara bayanai da hotunan Birtaniya a kan manyan faya-fayai biyu, don cikar shekara 900 da rubuta littafin Domesday na 1086. Kafin 2002 na'urorin da ke karanta faya-fayan sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ƙera manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar. Littafin da aka rubuta a kan fata kuwa yana nan a ma'ajiyar tarihi ta Kew, ana karanta shi.

Na uku, wanda ya fi yawa, shi ne na mutane da kuɗi. Sunan shafin intanet haya ne, ana biyansa shekara-shekara. Idan malamin da ke kula da shi ya yi ritaya, ko tallafin ya ƙare, shafin sai ya rufe. Akwai ma ƴan damfara da ke sayen sunan shafin mujallar da aka manta ba a biya ba, su riƙa karɓar kuɗin marubuta da sunanta.

Rumbunan da aka gina

Tsarin LOCKSS ya fara ne a ɗakunan karatun jami'ar Stanford ta Amurka a 1999, ƙarƙashin Vicky Reich da David Rosenthal. Ma'anar sunan ita ce yawan kwafi shi ke tsare abu. Kowane ɗakin karatu da ya shiga yana riƙe kwafinsa a kwamfutarsa, da izinin mai ɗab'i. Lokaci-lokaci kwamfutocin suna kwatanta abin da ke hannunsu ta hanyar hatimin lissafi, wato lambar da ake fitarwa daga fayil wadda take canzawa ko da harafi ɗaya ya canza. Wadda kwafinta ya saɓa wa na rinjaye sai ta gyara daga ƴan uwanta. Ma'aunin da tsarin ke tarawa da shi yawanci kundi ɗaya ne ko shekara ɗaya ta mujalla.

CLOCKSS, wanda ɗakunan karatu da masu ɗab'i suka kafa tare, yana amfani da wannan fasaha a cibiyoyi 12 da ke warwatse a nahiyoyi daban-daban. Aikinsa irin na rumbun tsimi ne: ana zuba hatsi a rufe, ba a taɓawa sai abinci ya yanke. Ana buɗe mujalla ne idan mai ɗab'inta ya rushe, ko ya daina samar da ita kuma babu wanda ya gaje ta. A lokacin sai a sake ta kyauta ga kowa. Mujallar dashen gaɓoɓi mai suna Graft tana cikin na farko da aka buɗe ta wannan hanya.

Portico, wanda ƙungiyar ITHAKA ta ƙaddamar a 2005, yana karɓar fayilolin asali daga masu ɗab'i, ya tsara su, ya riƙa mayar da su sabon salo idan tsohon ya fara tsufa. Ɗakunan karatu da masu ɗab'i ne ke biyan kuɗinsa. JSTOR kuma, wanda ya fara a 1995, ya shahara da ɗaukar hoton tsofaffin mujallu tun daga kundi na 1, fitowa ta 1.

Gwamnatoci ma suna da nasu hannun. Babban ɗakin karatu na ƙasar Holan ya ƙulla yarjejeniyar ajiya da kamfanin Elsevier a 2002. A Amurka, PubMed Central yana riƙe maƙalun likitanci tun 2000. A Faransa, dokar da ta wajabta ajiye kwafin duk abin da aka buga ta samo asali tun 1537, aka kuma faɗaɗa ta zuwa intanet a 2006. Dandalin Persée, wanda aka buɗe a 2005, yana ba da tsofaffin kundayen mujallun Faransanci kyauta, ciki har da Journal des africanistes da Cahiers d'études africaines, inda mai binciken tarihin Gobir, Katsinar Maraɗi ko Damagaram zai samu rubuce-rubuce da dama.

Ga ƙananan mujallu akwai hanya marar tsada. Dubban mujallu a duniya suna amfani da manhajar OJS, wadda shirin PKP na ƙasar Kanada ya samar kyauta. Shirin yana da rumbunsa da aka gina kan LOCKSS, kuma mujallar da ke da ISSN tana iya shiga ba tare da biyan komai ba. A 2020 PKP, CLOCKSS, Internet Archive, kundin adireshin mujallun kyauta na DOAJ da rajistar Keepers suka haɗa kai a shirin JASPER don jawo irin waɗannan mujallu cikin ajiya.

Salon fayil ma yana da ƙa'ida. PDF/A, wanda ya zama ƙa'idar duniya a 2005, yana ɗauke da haruffansa a cikinsa don kada ya dogara da wata kwamfuta. Wannan yana da muhimmanci ga rubutun Hausa, domin haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ, ɗ, ɓ da ƴ su ne suke fara lalacewa idan aka buɗe tsohon fayil da ba a rubuta shi da tsarin Unicode ba.

Rajistar masu ajiya

Yawan rumbuna ya haifar da tambaya: wa ke riƙe da me? Rajistar Keepers ce ke amsa ta. An fara ta a jami'ar Edinburgh tare da cibiyar ISSN, daga ƙarshen 2019 kuma cibiyar ISSN ta Paris ce ke gudanar da ita. Kowane rumbu yana kai rahoton mujallun da ke hannunsa, da lambar ISSN, da kundaye da shekarun da ya adana. Kowa na iya dubawa kyauta.

A nan ne tsohuwar ƙidayar maɗinkin littattafai ta haɗu da sabuwar fasaha. Rumbu na iya cewa yana riƙe da wata mujalla, amma rajistar ta nuna kundi na 8 zuwa 20 ne kawai, na 1 zuwa 7 ba su hannun kowa. Ba za a gane wannan giɓi ba sai lambobin sun kasance a jere kuma iri ɗaya a ko'ina: a bangon mujallar, a shafinta na intanet, a rajistar DOI da kuma rahoton rumbun.

Abin da ya shafi Nijar

Batun yana taɓa malaman jami'a kai tsaye. Hukumar CAMES, wadda aka kafa bayan taron shugabannin ƙasashe a Yamai a 1968 kuma mazauninta ke Wagadugu, tana auna malami da maƙalun da ya buga kafin ya samu ƙarin girma. Maƙalar da ba a iya nemowa, ko wadda lambobinta suka saɓa tsakanin takarda da intanet, tana raunana takardun mai ita.

Nijar tana da wallafe-wallafe masu jeri da suka cancanci kulawa. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da Annales ɗinta. Cibiyar IRSH, wadda ta samo asali daga reshen IFAN na Yamai, ita ce mai jerin Études nigériennes da mujallar Mu Ƙara Sani. Cibiyar LASDEL tana fitar da jerin Études et Travaux mai lambobi. Jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa ma suna samar da bincike kan noma, yanayi, lafiya, tarihi da harsuna. Irin wannan bincike na gida ba kasafai ake buga shi a wani wuri ba, idan ya ɓace babu inda za a sake samo shi.

A matakin nahiya akwai dandalin AJOL, wanda ya fara a 1998 ya koma Afirka ta Kudu a 2005, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinsu. Crossref kuma tun 2023 ta yafe kuɗin rajista ga masu ɗab'i na wasu ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Ƙa'idojin da suka tabbata

Ga masu buga mujalla, abin da gogewar shekaru ta nuna kaɗan ne kuma bai da tsada. A nemi ISSN tun daga farko, ɗaya ta takarda, ɗaya ta intanet. A zaɓi tsarin ƙidaya ɗaya a tsaya a kansa. Kada a sake amfani da lambar da aka riga aka bayar, kada kuma a koma a canza lambobin abin da ya fita. Idan an tsallake shekara ko an haɗe fitowa biyu, a rubuta hakan a fili. Idan dole ne a koma lamba ta 1, a sa alamar sabon jeri. Kowace maƙala ta ɗauki cikakken adireshinta a shafinta na farko, domin fayil yakan yi yawo shi kaɗai daga waya zuwa waya. Sunan shafin intanet ya kasance mallakar jami'a ko ƙungiya, kada ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Sannan a shiga aƙalla rumbu ɗaya na waje, a riƙa duba rajistar Keepers don tabbatar da cewa kundayen sun isa, a kuma kai kwafin takarda ɗakunan karatu fiye da ɗaya.

Ga ɗalibi da mai bincike, ƙa'idar ita ce rubuta adireshi cikakke: marubuci, shekara, sunan mujalla, jeri idan akwai, kundi, fitowa, shafi ko lambar maƙala, sai DOI. Adireshin intanet shi kaɗai bai isa ba. Idan shafin ya mutu, kundi da shafi ne za su ba wani damar nemo maƙalar a wani rumbu ko a kan kantar ɗakin karatu. Kafin a aika wa mujalla aiki kuma, yana da kyau a duba ko tana da ISSN na gaskiya, ko lambobinta suna tafiya a jere, da kuma rumbun da ke riƙe da kundayenta na baya.